Mun ɗauko kamfanin talla don ya cika mana ɗakin wasa: ga yadda ta kaya

Ni ce ma'ajin ƙungiyarmu. Duk sisin da ya fita ta hannuna ya bi, kuma ni ake zuba wa ido ranar zaman ƙarshen wata. Tun da muka gama taronmu na watan Disambar 2024 nake shan tambaya a waya daga masu ƙungiyoyi irin tamu, na nan Kano da na Zariya, har da wata baiwar Allah daga Damagaram: "Hajiya, yaran nan da suka yi muku talla, sun yi kuwa? Mu ma mu kira su?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yabe su, akwai kuma inda zan yi ƙorafi, ga shi yara ne masu neman na kansu.

Mu ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta daɓe, da 'yan kiɗan gargajiya a gefe, a cikin birnin Kano. Ba mu kai mu arba'in ba. Akwai malaman makaranta irina, da teloli biyu, da wani direban tirela da ba ya fashin gwaji in dai yana gari, da tsofaffi uku da suka san tashe tun ana yawonsa da aci-bal-bal. Ciwonmu ɗaya ne, kuma ya daɗe. Sai mu shafe wata uku muna gwaji, ranar wasa in leƙa ta bayan labule in ga fuskokin da na baro a gida: mazajenmu, matanmu, 'ya'yanmu, da maƙwabcin da ya zo don kara. Rabinsu ma ba sa biya, don wa zai miƙa hannu ya karɓi kuɗin ƙofa a wajen surukarsa?

A shekarar 2024 sai wani attajiri ɗan unguwarmu ya ba mu gudummawa mai ɗan kauri, muka ce bari mu yi abin da ya fi na kullum. Wasa a daɓe, sannan a farfajiya a baje kolin sana'o'in hannu: marina daga Ƙofar Mata, dukawa, masaƙi guda, da wata tsohuwa mai zanen ƙwarya. Muka kama ɗakin taro na wata makaranta mai cin mutum 400. Matasan cikinmu suka kafe sai an ɗauko masu sanin talla, wai zamanin manna takarda a jikin bishiya ya wuce. Ni dai na yi shiru, don na san wa za ta ƙirga kuɗin.

Ofishinsu na saman wani bene ne ta wajen titin Gidan Zoo. Su uku muka tarar: manaja, yaro ne da bai fi shekara talatin ba, sai wata yarinya mai kyamara a wuya, sai wani da bai ɗago kai daga kwamfuta ba har muka fito. Na je ne da shirin jin dogon turanci. Sai manajan ya ba mu ruwa, ya gaishe da Shugabanmu har da rusunawa, ya ce, "Baba, su wa kuke so su zo?"

Shugaba ya ce, "Kowa da kowa mana."

Ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, wanda ya gayyaci kowa da kowa bai gayyaci kowa ba. A faɗa mini mutum ɗaya. Shekarunsa nawa, a ina yake kwana, nawa ne a aljihunsa ranar Asabar, wa zai nemi izini wajensa kafin ya fito?"

Wallahi muka kalli juna. Shekara da shekaru muna wasa, ba wanda ya taɓa yi mana wannan tambayar, mu ma ba mu taɓa yi wa kanmu ba. Muka yi awa biyu da rabi a gaban allo. Da muka tashi mun raba 'yan kallonmu gida huɗu: ɗaliban sakandare masu karanta Hausa, matan aure da 'yammata, ma'aikata da 'yan kasuwa masu kewar abin da suka tashi suka gani, sai samarin da waya ta riƙe. Kowane rukuni da hanyar da labari ke isa gare shi, da lokacin da zai iya fitowa, da abin da zai iya biya. In za a tambaye ni mene ne mafi tsada da muka saya a wajensu, wannan zaman ne, kuma a ranar farko suka ba mu shi. Da a ce na tashi na yi musu sallama daga nan, da ba ni da ta cewa.

To amma ba mu tashi ba. Muka sa hannu a kan naira dubu 450 na aikin mako shida, biya uku. Ga ƙorafina na farko, kuma shi ya fi ci mini rai: a zatona wannan kuɗin shi ne komai da komai. Mako na biyu sai ga saƙo, wai a turo kuɗin da za a biya Facebook da Instagram. Na kira manajan na ce, "Ɗan nan, ba mun biya ba?" Ya ce, "Hajiya, wancan ladan aikinmu ne, wannan kuma na masu dandalin ne." Na koma na duba takardar. Yana ciki, a shafi na uku, layi ɗaya, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. Ba su yi ƙarya ba, amma sun zauna da dattawa awa biyu da rabi suna Hausa rangaɗau, ba wanda ya buɗe baki ya ce kuɗin dandali daban, kuɗin buga fosta daban, kuɗin rediyo daban. Na fitar da wata dubu 120, aka ɗora mata harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake caja a kan irin wannan talla a Najeriya. Fosta da 'yan takardun rabawa suka ci dubu 60. Duk wanda zai shiga irin wannan ciniki ya sa a karanta masa takarda da Hausa, kuma ya ce a rubuta masa jimillar abin da zai fita daga aljihunsa har ranar taro, ba ladan aiki kaɗai ba.

Sai batun fosta. A nan dole in ɗan tsaya, don Hausa nake koyarwa shekara ashirin da doriya, kuma abin ya taɓa ni a inda ya fi zafi. Hoton da yarinyar nan ta ɗauka babu na biyunsa. Ta je Ƙofar Mata da sassafe, ta kwanta ruf da ciki a bakin rijiyar rini, ta ɗauko hannun wani dattijo yana ɗago zane daga cikin baba, shuɗi ya ci masa fata har gwiwar hannu, ruwan na ɗiga. Marinar nan da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, na wuce ta gabanta ya fi a ƙirga, amma ban taɓa ganinta ba sai a hoton yarinyar nan. Rubutun da aka ɗora a kai ne matsalar. Babu lanƙwasa ko ɗaya. An so a ce "manyan baƙi", sai ga "manyan baki" an rangaɗa da ja, ƙarƙashinsa kuma sunayen mutanen da muke ganin girmansu. A sama aka rubuta "Ajiye kwanan wata!" Ɗaya daga cikin tsofaffinmu ya juya takardar ya ce, "A ina za a ajiye shi, a adaka?" Can ƙasa kuma wai "Kada ka rasa fita." Hausa ce da aka jiƙa da Turanci aka shanya, duk wanda ya karanta zai ji warin. Ɗan kwamfutar ya ce irin rubutun da ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Na ce to a canza irin rubutun, ba Hausar za a canza ba. Na zauna na gyara da jan biro kamar littafin ɗalibi, suka karɓa ba musu, kuma daga ranar duk abin da za su saki sai sun turo mini. A nan na yaba musu: ba su da girman kai. Amma dai kamfanin da ke karɓar kuɗin ƙungiyar al'adun Hausa ya kamata a ce yana da mai Hausa a gidansa, ba abokin ciniki ne zai zame masa edita kyauta ba.

A makon farko na Disamba labari ya zo cewa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a zamanta na ƙasar Faraguwai, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, kamar yadda aka sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Gari ya ɗauka. Cikin awa uku yaran nan sun haɗa sabon hoto, mahayi da rawani da doki ya sha kwalliya, suka rubuta cewa a zo a yi murnar al'adun Kano tare da mu. Saurinsu ya burge ni, kuma wannan hoton ya fi duk sauran yawo. Sai dai mu ko jaki ba mu da shi a cikin shirin. Ranar Asabar wani magidanci ya zo da 'ya'yansa huɗu tun daga Rijiyar Zaki, ya biya, ya zagaya farfajiya, ya dawo teburina ya ce, "Hajiya, ina dawakin?" Na rasa inda zan sa fuskata. Na mayar masa da kuɗinsa, na roƙe shi ya zauna ya kalla a matsayin baƙona. Ya zauna, yaran sun yi dariya sosai, amma ban manta kallon da ya yi mini ba.

Tallan Facebook kuwa, kwana goman farko harbin iska aka yi. Shi wannan tsari, kai ne za ka zaɓa wa na'ura waɗanda za ta nuna wa: garin da suke, shekarunsu, maza ko mata, har nisan kilomita nawa daga inda kake. Su kuma suka buɗe shi Najeriya gaba ɗaya, wai don suna ya tafi. Sunan ya tafi kam. Muka sha "Allah ya ba da sa'a" daga Legas da Fatakwal da Maiduguri. Ana ta turo mini lambobi da daddare, mutum dubu kaza sun gani, ɗari kaza sun danna. Na ce da manajan, "Wanda ke Agege zai hau mota ya zo kallon wasan naira dubu?" A lokacin litar mai ta haura naira dubu ɗaya, wanda ke Hotoro ma sai ya yi lissafin kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa kafin ya ɗaga ƙafa. Sannan suka taƙaita shi ga Kano da kewaye, amma kusan rabin kuɗin ya riga ya tafi.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne lokaci. Su suka ba da shawarar a fara ƙarfe bakwai da rabi na dare, a kunna fitilu masu launi, wai hoto ya fi kyau, kuma haka ake yi a manyan bukukuwa. Suka kawo misalin bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017. Shugaba ya ce wancan da hannun gwamnatin jiha a cikinsa, kuma baƙinsa a otal suke kwana. Ni kuma na ce, ku da kanku kuka rubuta matan aure a allo, wace matar aure ce za a bari ta fita bayan Isha'i ta je kallon wasa, ga sanyin Disamba? A garin nan taron da ke son mata da yara tsakanin La'asar da Magariba yake rayuwa. Awa biyu ne da 'yan mintuna a wannan watan, in ka wuce, ana kiran salla ɗaki zai watse ko da sarki ne a kan daɓe. Dole muka datse wasan daga awa biyu da rabi zuwa awa ɗaya da minti arba'in, abin da ya sa marubucinmu ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Amma wasan ya fi daɗi bayan an datse shi, ko shi ya sani.

Sun kuma so a sayar da tikiti ta intanet, mutum ya shiga shafi ya sa lambar katinsa. Aka yi mako biyu, tikiti bakwai aka saya, huɗu 'ya'yana ne. Mutanenmu suna tura kuɗi ta waya, ƙwarai kuwa, amma ga mutumin da suka sani ko suke gani. Muka koma tebur a bakin ƙofa, da mai POS ɗaya, da lambar asusu a rubuce da manyan baƙaƙe a kwali.

Sai dai a maganar farashi sun koya mana abu. Mu da kuɗi ɗaya muke yanka wa kowa. Suka ce a raba: ɗalibai naira 300, sauran jama'a naira 1,000, sannan a ware layi biyu na gaba, a shimfiɗa darduma, a sa ruwan roba da 'yar takardar shirin taro, a sayar naira 5,000. Na yi musu dariya, na ce ba mai saye. Kujera 39 aka saya. Ashe akwai mutanen da arhar ce take hana su zuwa, suna ganin abin yara ne. Haka shawarar a daina jiran ɗalibai ɗai-ɗai, a je wajen masu makarantu a sayar musu da kujeru a dunƙule, ita ma tasu ce. Abin da na ƙara nawa na malama shi ne ranar: na ce a sa Alhamis da safe, a makon da aka gama jarrabawa ba a ba da hutu ba, lokacin da malamai ke neman inda za su kai yara su huta da hayaniya. Makarantu biyar suka turo motoci, ɗalibai 320. Wannan zaman shi ne karon farko a rayuwata da na leƙa ta labule ban gane kowa ba.

Akwai abubuwan da tsofaffinmu suka dage a kansu, kamfanin yana ganin tsohon yayi ne. Na farko katin gayyata irin na ɗaurin aure, mai ambulan, da sunan mutum a rubuce da hannu, a kai masa har gida ko shago. Da uban taro da uwar taro da babban baƙo. Manajan ya ce, "Baba, wannan ai sai ya ci mana kwanaki." Shugaba ya ce, "Ɗana, Bahaushe ba ya zuwa inda aka sanar, inda aka gayyace shi yake zuwa." Muka raba kati 100. Su ne suka cika layin gaba, kuma su ne suka tashi suka yi wa makaɗa liƙi. Wannan ma wani abu ne da yaran ba su sa a lissafi ba: mutumin da zai tsaya yana ciniki a kan naira dubu a bakin ƙofa, shi ne zai zubar da dubu goma a goshin mai kalangu in an wasa shi a gaban jama'a. Mu ba mu saba sayen kallo ba, mun saba yi wa mai wasa kyauta. Wanda zai tallata al'ada a ƙasar Hausa bai san wannan ba, da sauransa.

Na biyu rediyo. Babu shi sam a tsarin da suka kawo. Garin da tun buɗe Freedom Radio a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suke ta ƙaruwa, garin da mai shayi da tela da matar da ke tsakar gida duk da akwatinsu a gefe, a ce an tsara talla ba rediyo! Muka matsa, na sake fitar da dubu 90, aka yi mana sanarwa a wata tasha safe da yamma na mako guda, aka kuma gayyaci Shugaba wani shirin al'adu ya yi hira kyauta. Na uku kuwa dabarar Shugaba ce. Shi a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi karatu, zamanin da ɗaliban wasan kwaikwayo ke ɗaukar wasa su kai shi ƙauyuka irin su Bomo maimakon su jira ƙauye ya zo musu. Ya ce a kai wa mutane ɗanɗano. Muka nemi izinin mai unguwa, muka fita da 'yan wasa huɗu da mai kalangu zuwa wani fili da yamma, aka yi minti goma, aka katse daidai inda rigimar kishiyoyi ta ɗau zafi, aka ce saura sai ranar Asabar. Wata mata ta biyo mu har mota tana cewa wallahi ba mu isa ba.

Abin da ya fi komai aiki kuwa haɗin gwiwa ne, rabi nasu rabi namu. Yarinyar mai kyamara ce ta ce, "Anti, matan da kuke so ba karatun fosta za su tsaya yi ba, murya za su saurara." Ta sa ɗaya daga cikin tsofaffinmu, mai muryar sanƙira, ya yi shela ta daƙiƙa arba'in da kalangu a bayansa, irin ta da: sallama, kirari, ga rana, ga wuri, ga kuɗi, a zo da yara, za a tashi kafin Magariba. Ta tace sautin ta rage masa nauyi yadda ba zai ci data ba. Ta kuma yi mana bayanin da ban sani ba: WhatsApp ba ya bari ka tura saƙon da aka turo maka zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, kuma in ka haɗa jerin mutanen da za ka watsa wa saƙo, 256 ne iyaka, sannan ba zai isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Saboda haka ta raba mu, kowace mace a ƙungiya ta ɗauki zaurukan da take ciki, na adashe, na Islamiyya, na 'yan ajinsu, na dangi, ta tura da hannunta, ta ƙara da kalma ɗaya tata. Kwana uku sai ga shelar ta dawo mini daga wajen ƙanwar mijina da ke Gwammaja, tana tambayata ko na san masu wannan abin.

Ranar taro suka kawo wani abu da na raina: littafin rajista mai bango mai tauri, da yara biyu a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo a tambaye shi suna, lambar waya in ya yarda, unguwa, da tambaya ɗaya: a ina ka ji labari? Wasu sun ƙi ba da lamba, musamman mata, kuma ba a matsa musu ba. Asabar mutum 148 suka biya, Lahadi 271, don waɗanda suka zo Asabar sun koma sun ba da labari. Cikinsu 383 suka amsa tambayar. Na zauna da daddare na ƙirga da kaina, sau biyu. Shelar WhatsApp 121. Rediyo 96. Wani ne ya gaya mini, 70. Kati 58. Facebook da Instagram 24. Fosta 9. TikTok 5, duk da ɗan guntun bidiyon tsohonmu yana rawar tashe ya zagaya har jikokinsa suna tsokanarsa wai ya zama tauraro.

Bayan mako guda suka kawo rahotonsu, mai shafi goma sha biyu, da zane-zane masu launi. Shafin farko ya ce tallanmu ya isa ga mutum dubu 180. Na ajiye littafin rajista kusa da shi, na buɗe inda na yi lissafi, na ce, "Ɗan nan, ga dubu 180, ga 24." Bai ji haushi ba. Ya ce, "Hajiya, wanda ya ce wani ne ya gaya masa, shi wanin a ina ya gani? Kuma wanda ya ji a rediyo, wataƙila ya riga ya ga hoton, rediyon tuni ta yi masa." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Amma ni ma'aji ce, abin da ya zauna a kujera nake iya ƙirgawa. Kuma abin da ya sa ban yi fushi da su ba shi ne, littafin da na kama su da shi, su suka kawo shi. Mai niyyar rufa-rufa ba zai ba ka ma'aunin da za ka auna shi ba.

Lissafin kuɗi kuwa ba daɗin ji. Abin da aka tara a ƙofa, har da na ɗalibai, dubu 671 ne. Abin da talla kaɗai ta ci, ladansu da dandali da fosta da rediyo, ya kai dubu 729. Ba a zo maganar hayar ɗaki da man janareta da abincin 'yan wasa ba. Gudummawar uban taro da ta attajirin nan ce ta rufa mana asiri. Marinan dai sun koma da fara'a, sun sayar da kusan duk abin da suka kawo, tsohuwa mai ƙwarya kuma ta samu wata Hajiya da ta ba ta aikin kayan gara na 'yarta.

Masu tambayata ko su kira su, ga abin da nake cewa. In ƙungiyarku ba ta taɓa zama ta tambayi kanta su wa take yi wa wasa ba, ku biya su kuɗin zama ɗaya ko biyu, ya fi ƙarfin kuɗinsa. In kuna son hoto da sauti masu kyau, ku nemi yarinyar nan, hannunta da albarka. Amma kada ku miƙa musu ragamar gaba ɗaya ku koma gefe, musamman lokaci da harshe da hanyar gayyata. Sun san na'ura, garin ne ba su gama sani ba, ko da yake a cikinsa aka haife su. Kuma in kuɗinku bai kai ku yi asarar rabinsa ku yi barci ba, kwangilar mako shida ba taku ba ce.

Da azumi ya matso muka shirya ɗan wasan tashe na bayan goma ga wata. Ban koma benen ba. Na ɗauko littafin rajista, na raba wa mata shida shafukansa, kowace ta kira lambobin da ke nata ta gaishe su ta gayyace su da suna. Na kira yarinyar ta zo ta naɗi sabuwar shela, na biya ta dubu 25 a hannu, ta ce in gaishe da Baba. Manajan ya ji labari ya bugo mini, ya ce, "Hajiya, an yi mana yankan baya ke nan?" Na ce, "Ɗan nan, ai kai ka koya mana." Ya yi dariya, ya ce to a ajiye masa kujera biyu a layin gaba, zai zo da mahaifiyarsa. Na ce dubu goma ne, kuma a bakin ƙofa ake biya.